Gajerun fulawoyin gefen katanga a wajen masu dashen bakin titi na Accra: waɗanda suka ci kuɗinsu da waɗanda ba su ci ba

Duk wanda ya bi hanyar Legon zuwa Madina, ko ya ratsa East Legon, Haatso ko Spintex, ya ga masu sayar da dashe sun jera baƙaƙen ledoji a bakin titi, tun daga 'yan ƙananan da ba su wuce tafin hannu ba har zuwa bishiyoyin da sai an kira aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. A wajensu yawancin masu gida a Accra suke sayen abin da za su shuka a gindin katanga, a bakin hanyar shiga gida, a harabar masallaci ko ta makarantar Islamiyya. Wannan sharhi a kan kayansu ne, kuma kashi ɗaya kawai daga ciki: shuke-shuken da ba sa wuce gwiwa, ba sa zubar da ganye, suna shekaru a raye, suna kuma fure mafi yawan watannin shekara. Sharuɗɗa huɗu ke nan. Mai sayarwa zai nuna maka iri goma sha ya ce duk sun cika su, amma waɗanda suka cika da gaske ba su fi uku ko huɗu ba.

A fara da abin yabo. Dashen bakin titi a ranar Accra aka rene shi, ya sha ƙura da hayaƙin mota da ruwan da ya samu, don haka ba ya firgita idan an kai shi gida. Kusan duka daga yankan reshe aka samo shi, saboda haka launin da ka gani shi za ka ci gaba da gani. Akwai sauƙin kuɗi, akwai ciniki idan za ka ɗauki da yawa, kuma masu sayarwar, musamman dattawan cikinsu, sun san wace ke son rana wace ke son inuwa. Inda suka gaza shi ne ba sa rubuta suna a jikin komai, ba sa faɗin tsayin da shukar za ta kai bayan shekara biyu, kuma kalmar nan ta "duwaf", wato gajera, ta zama abin da ake liƙa wa duk dashen da bai girma ba tukuna. Furen da ka gani ranar saye ba ya gaya maka komai game da watan Fabrairu. Abin da kake biya wa kuɗi shi ne saiwa da halin shukar.

Yanayin garin shi ke yanke hukunci kafin kowa. Accra tana cikin busasshen yankin gaɓar teku, ruwan da take samu a shekara bai cika wuce milimita 800 ba, alhali Kumasi tana samun kimanin 1,400. Babbar damina daga Afrilu zuwa tsakiyar Yuli ce, ta fi ƙarfi a Yuni, sai ƙaramar a Satumba zuwa Nuwamba, sannan hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu. Ma'ana shukar gefen katanga za ta sha jiƙa ta fitar hankali wata ɗaya, ta sha ƙishi wata uku, ga kuma zafin da katanga da intalok ke mayar mata da rana tsaka. Masu zama kusa da teku, irin su Teshie, Nungua da Dansoman, suna da ƙarin matsalar iska mai gishiri, kuma rijiyoyin burtsatse da yawa a filin Accra ruwansu da zartsi.

Wadda muka sa a gaba ita ce kufiya, wadda masana ke kira Cuphea hyssopifolia, asalinta daga Meziko da Guwatemala. Ganyenta ƙanana ne masu sheƙi, furenta ɗan mitsitsi, shunayya ko fari, kuma ba ta da watan hutu muddin tana samun ruwa. Tsayinta santimita 30 zuwa 45, tana buɗewa gefe kamar laima, ba sai an bi ta da almakashi kowane mako ba. Ita ce mafi araha a cikin masu ɗorewa, domin yankanta na kama saiwa cikin mako uku. A shuka ta da tazarar santimita 30, cikin wata uku layin ya haɗe. Laifinta biyu ne. Ba ta jure ƙishi kamar yadda ake faɗa: a bar ta kwana goma ba ruwa a hunturu, ganyen ƙasa ya zube, ta koma tsintsiya. Kuma ba ta shiri da gishiri, don haka ba ta bakin teku ba ce. A ƙasa mai yashi tsutsar saiwa, wadda ido ba ya gani, takan kama ta. Alamar ita ce shukar ta yi yaushi da rana ko da ƙasa na da danshi, idan aka tumɓuke sai a ga ƙulli-ƙulli a saiwar. Bayan shekara uku ko huɗu takan yi itace ta rage kyau, amma kafin nan ta zubar da 'ya'ya a gindinta waɗanda za a cire a maye gurbi. A rage mata kashi ɗaya cikin uku na tsayinta sau biyu a shekara, a farkon kowace damina.

Sai iksora gajera, wadda ita ce kowa ke zuwa nema, kuma a kanta aka fi yin asara. Idan ta samu wurinta babu mai kama ta: curin fure ja, ruwan lemo, rawaya ko ruwan hoda, ganye kore shar duk shekara, kuma tana iya shekara goma a wuri ɗaya. Ta fi kufiya tsada saboda tana jinkirin kama saiwa da jinkirin girma, kuma tsadar ta halatta. Matsala ta farko a wajen saye take. Babbar iksora, mai kai mita biyu, idan aka yanko reshenta aka dasa a leda takan yi fure tun tana santimita 20, sai ta yi kama da gajera. Hanyar ganewa ita ce ganye. Na gajerar bai wuce santimita 2 zuwa 4 ba, siriri, a cunkushe, gaɓa kusa da gaɓa. Na babbar ya kai tsawon yatsa ko fiye, da tazara tsakanin gaɓoɓi. Wanda bai gamsu ba ya ce wa mai sayarwa, "Baba, a nuna mini uwar da aka yanko wannan." Mai dashe na ƙwarai yana da uwar a bayan rumfarsa kuma ba ya jin nauyin nunawa.

Matsala ta biyu ta fi girma, kuma ba laifin mai sayarwa ba ne sai dai rashin faɗa. Iksora shukar ƙasa mai ɗan tsami ce, ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, daga 5 zuwa 6.5. Gindin katangar bulo kuwa, inda kowa ke son shuka ta, cike yake da ɓaraguzan siminti da ragowar filasta da magina suka binne, kuma duk ruwan da ya wanko katangar yana sauko da farar ƙasa. Wannan yana mayar da ƙasar mai kanwa-kanwa, sinadarin ƙarfe ya ɗaure, saiwa ta kasa jan sa ko da yana nan. Bayan wata huɗu zuwa shida sai sabon toho ya fito rawaya, jijiyoyin ganyen kawai suka rage kore, fure ya ƙanƙance, tsiron ya tsaya. Mai gida ya ɗauka yunwa ce ya ƙara taki, wani ma ya zuba toka, alhali toka ƙara kanwar take yi. Ruwan wanki mai omo shi ma haka. Gyaran na gaskiya kafin shuka ake yin sa: a haƙe gindin katangar zurfin santimita 30, a kwashe duk ɓaraguzai, a ja layin iksora aƙalla santimita 45 daga jikin bango, a cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen ganye ko niƙaƙƙen ɓawon kwakwa. Idan an riga an shuka, a barbaɗa garin farar wuta giram 50 a kowace murabba'in mita a cakuɗa da ƙasar sama; yana ɗaukar wata biyu zuwa uku kafin a ga aikinsa. A maye takin yau da kullum da salfet na amoniya, wanda manoman masara suka sani, giram 15 zuwa 20 a murabba'in mita, domin shi yana ƙara tsami a hankali. Feshin sinadarin ƙarfe a ganye yana dawo da kore cikin mako biyu, amma na ɗan lokaci ne idan ba a gyara ƙasar ba. In kuwa tsofaffin ganye ne suka yi ɗige-ɗige ja mai duhu, wannan ƙarancin fotash da fosfaras ne, takin NPK ke maganinsa. A Kumasi, inda ƙasar daji take da tsaminta tun asali kuma ruwan sama ke wanke ta, iksora ba ta cika wannan wahalar ba sai dai a jikin siminti.

Matsala ta uku almakashi ne. Iksora a kan bakin sabon reshe take fure. Yaron da ake kira ya yi wa fulawa aski duk mako biyu, ya daidaita ta kamar akwati, furen wata mai zuwa yake yankewa. Gidaje da yawa suna da layin iksora kore tsaf ba fure ko ɗaya, kuma dalilin ke nan. A bar ta, a riƙa cire curin da ya bushe da reshen da ya zarce 'yan'uwansa, babban aski sau ɗaya a shekara a watan Maris ko Afrilu. Tazararta santimita 40, kuma tana son rana ta aƙalla awa biyar.

Ta uku ita ce mai ƙaya, Euphorbia milii, 'yar Madagaska, dangin tinya da aguwa. Ga wanda famfonsa ba ya kawo ruwa kullum, ko yake kusa da teku, ko awakin unguwa ke shigo masa, wannan ce amsa. Tana fure a rani fiye da damina, tana jure ruwan zartsi daidai gwargwado, kuma akuya ba ta kusantarta. A zaɓi mai ƙananan fure ja don layi. Manyan nan na Tailan masu faffaɗan fure suna miƙewa sama su bar ƙasansu tsirara, sun fi dacewa da tukunya. Abin da ke kashe ta shi ne ruwan Yuni idan ya kwanta a gindinta: karan ya yi laushi daga ƙasa, ya yi baƙi, shi ke nan. A ɗaga fangalinta santimita 15 sama da ƙasa, a sa yashi kashi ɗaya cikin uku. Amma a yi tunani kafin a sa ta a siririyar hanya inda babbar riga ko hijabi za su riƙa gogarta, ko inda yara ke wasa. Farin ruwanta mai kama da nono yana ƙona fata, idan ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa na tsawon minti 15 a tafi asibiti.

Waɗannan ukun su ne ginshiƙi. Sauran kowacce da sharaɗinta.

Binka, Catharanthus roseus, ita ce ta fi ɗaukar ido a bakin titi, kuma ita ce ta fi ba da kunya. Sababbin launukan nan, ja wur da ruwan goro da mai ido a tsakiya, daga irin fakiti aka shuka su, an ƙirƙire su ne don kaka ɗaya. Suna kyau daga Nuwamba zuwa Afrilu, da ruwan Yuni ya sauka sai wata cutar ruɓa ta kama rassan, su yi baƙi su langaɓe cikin kwana biyu ko uku, kuma cutar tana zama a ƙasar ta jira na gaba. Tsohuwar ta gida, mai ruwan hoda ko fari da ke fitowa da kanta a kango, ta fi su ƙarfi nesa, sai dai tana miƙewa ta kai ƙugu idan ba a tsinke mata kai tun tana ƙarama ba. Wanda zai saya ya saya da sanin cewa zai sake saye baɗi. Kuma tun da an zo kanta: daga wannan shukar aka samo magungunan kansa guda biyu, binkiristin da binbilastin, wanda ke nuna ƙarfin abin da ke cikinta. Masu dafa ganyenta don ciwon suga suna wasa da guba.

Fotulaka, mai buɗewa da hantsi ta rufe da yamma, haka take. Kyakkyawa ce, araha ce, ana karya reshe a soka ya kama, amma takan tsufa cikin 'yan watanni kuma damina na narkar da ita. A cike gurbi da ita kafin iksora ta haɗe, kada a ɗora mata layin gaba ɗaya.

Lantana mai rarrafe, shunayya ko fara, da gajerar nan rawaya, suna fure sosai a rana mai zafi kuma ba sa son ruwa da yawa. Tsayi santimita 30 zuwa 45, amma faɗi ya fi mita, don haka fangalin da bai kai santimita 80 ba ya yi musu kaɗan. A guji babbar mai launi biyu a curi ɗaya, Lantana camara: tana zama kurmi, tsuntsaye na yaɗa ta, ganyenta na lalata hantar awaki da tumaki da shanu, ɗanyun 'ya'yanta kuma haɗari ne ga yara. Gidan da ake ɗaure ragon layya a tsakar gida ya haƙura da lantana kowace iri.

Akwai wata mai rarrafe, mai fure rawaya kamar ƙaramin sunfulawa, da ake kira wedeliya. Masu sayarwa suna son ba da ita saboda ba ta mutuwa, kuma rashin mutuwar shi ne aibinta. Tana cikin jerin shuke-shuke da dabbobi 100 mafi mamaye wuri a duniya na ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN. Kowace gaɓa da ta taɓa ƙasa sai ta yi saiwa, cikin damina ɗaya ta haye kufiya ta shaƙe ta. Sai dai inda siminti ya kewaye ta ta ko'ina. Mai son shimfiɗa rawaya ya nemi gyaɗar ado, Arachis pintoi, 'yar Barazil: ba ta wuce santimita 15, tana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda gyaɗa ke yi, tana jure inuwa kaɗan. Tana jinkiri wata uku na farko, tana son ruwa a hunturu, kuma abincin dabbobi ce tun asali, don haka sai gida mai ƙofa.

Ga wurin da ruwa ke kwanciya, kusa da magudana ko inda indararo ke zuba, ruweliya gajera ce kaɗai a cikin waɗannan ke jin daɗi. Santimita 20 zuwa 30, fure shunayya ko ruwan hoda, kowanne yini ɗaya yake yi ya faɗi, gobe wasu su fito. Tana zubar da iri ba kaɗan ba, sai an riƙa cirewa. A tabbata gajerar ce, mai ganye a dunƙule kamar tsintsiyar hannu. Doguwar tana kai mita kuma tana bi ta ƙarƙashin ƙasa. Ga gefen da rana ke samu da safe kawai, kurosandara mai fure ruwan lemo ta fi kowa, santimita 30 zuwa 60, muddin ana cire zangarniyar da ta gama fure. Ta fi jin daɗin Kumasi, a Accra sai da ban ruwa na kullum-kullum a rani.

Yadda za a duba dashe kafin a biya bai da wuya, amma mutane kaɗan ke yi. A ɗaga ledar. Idan ta ƙi ɗaguwa, saiwa ta huda ta shiga ƙasa, kuma za a tsinke rabinta wajen cirewa. Irin wannan yakan yi yaushi mako guda, wani ba ya farfaɗowa. A matsa gefen ledar: idan ta yi tauri kamar dutse, ko dai saiwa ta nannaɗe kanta ko kuma ƙasar laka ce zalla. A ja karan a hankali, idan ya taso da sauƙi yankan jiya ne da aka soka, bai kama ba. A juya ganye a duba bayansa da maƙogwaron reshe, ko akwai farin ƙwaro mai kama da auduga, ko ƙananan ɓawo masu manne, ko baƙin abu kamar kunkunniya. Tururuwa na hawa da sauka alama ce ta ɗayansu. A fifita gajeren dashe mai rassa uku ko huɗu da ƙullin fure da bai buɗe ba a kan dogo mai kara ɗaya da ya cika da fure. Wanda ganyensa ya yi kore mai duhu, laushi, dogo fiye da 'yan'uwansa, an ɗura masa yuriya ne, kuma shi ƙwari ke fara ci.

A lissafin adadi ma a yi hankali. Katanga mai mita 12 tana cin kufiya 40 a tazarar santimita 30, ko iksora 30 a tazarar 40, a ƙara kashi ɗaya cikin goma don cike gurbin waɗanda za su mutu. Da yawa daga masu zuwa su shuka maka sukan jera su a santimita 15 don layin ya cika a ranar. Kuɗin ya ninka, kuma bayan shekara iska ba ta ratsawa, ƙasan ya bushe, cuta ta samu wurin zama. A yi jinga a kan mita da tazarar da aka ambata da baki, a kuma riƙe wani kashi na kuɗin aiki sai bayan mako huɗu, da sharaɗin maye duk wanda ya mutu. Masu aikin kirki suna yarda da haka.

Baƙar ƙasar da suke sayarwa a buhu ko a tifa ita ce kayan da ingancinsa ya fi bambanta. Wata ƙasar saman gona ce mai kyau, wata kuwa daga tsohon juji aka tono, da fasassun kwalabe da leda da tsofaffin batura. Wata baƙar laka ce irin ta filin Accra, wadda ke yin taɓo a damina ta tsattsage a rani. A jiƙa kaɗan a dunƙula a hannu: ta ƙwarai tana dunƙuluwa amma ta wargaje da an taɓa ta da yatsa. Mafi muni shi ne ƙwayar aya-aya da saiwar kiri-kiri, waɗanda in suka shiga fangali sai an yi shekaru ana fama. Wanda zai sayi tifa guda ya fara karɓar bokiti ɗaya, ya baza a daro, ya riƙa jiƙawa kwana 10 zuwa 14 ya ga abin da zai tsiro.

Fangali mai mita 12 da faɗin santimita 60 da zurfin 30 yana cin abin da ya kai baro 33. Haɗin da ke aiki ga yawancinsu shi ne baƙar ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, yashin rafi ko ɓuntun shinkafa kashi ɗaya. Ban da yashin teku. Kashin kaji sai ya kwana mako shida zuwa takwas a tsibi, ana juyawa, har warin ya fita ya daina zafi. Ɗanye yana ƙona saiwa cikin kwana biyu. Kafin a zuba, a haƙa rami mai zurfin santimita 30 a cika da ruwa sau biyu. Idan na biyun ya kwana bai tsotse ba, dole a ɗaga fangalin da bulo ɗaya. Lokacin shuka shi ne Afrilu zuwa farkon Mayu, ko Satumba, bayan la'asar. A jiƙa ledar tukuna, a yage ta, kada a ja shukar ta kara. A warware saiwar da ta nannaɗe da yatsa, a dasa daidai zurfin da take a leda. Binne wuyan shuka na cikin abin da ya fi kashe iksora da binka.

Ban ruwa kullum ne mako biyu na farko, sannan a riƙa tsallake kwana ɗaya-ɗaya har mako shida, daga nan sau biyu a mako. A rani kowace murabba'in mita tana son lita 20 zuwa 25 a mako, wato wancan fangalin na mita 12 zai sha kimanin galan ɗin Kufuor, wato babbar jarkar nan rawaya, guda bakwai. A zuba a gindi da safe, kada a watsa a ganye da dare. Ruwan alwala, tun da babu sabulu a ciki, ya isa ya riƙe layin fulawar masallaci in aka karkatar da shi da ɗan bututu maimakon ya bi kwata. A rufe ƙasar da ɓawon kwakwa ko busasshen ganye kauri santimita 5, a bar tazarar yatsu uku daga karan saboda gara da ruɓa. Sabon garin katako yana janye wa shuka abinci yayin da yake ruɓewa, sai ya tsufa. Takin NPK 15-15-15, kwalin ashana ɗaya da rabi a murabba'in mita, sau uku a shekara ya isa: Afrilu, Yuli da Oktoba, nesa da kara, a bi da ruwa. Wanda ya wuce haka ganye zai samu, fure ya ragu. Ga farin ƙwaro da darɓa, man darbejiya mililita 5 da sabulun ruwa mililita 2 a lita ɗaya, a fesa da yamma har bayan ganye, kowane kwana bakwai sau uku. Baƙin nan na kan ganyen iksora ba cuta ba ce a kan kanta, yana tsirowa ne a kan zaƙin da ƙwarin ke fitarwa, da an kashe su yake bushewa ya ɓare.

Wanda yake son ganin shukar a girmanta kafin ya saya yana da inda zai je. Sashen kula da wuraren shaƙatawa da lambuna na gwamnati yana da gandun reno a Cantonments, akwai baje kolin fulawa da aka sha yi a filin Efua Sutherland, ga kuma lambun Aburi da aka buɗe tun 1890. Sai dai Aburi a kan tudu take, ta fi Accra sanyi da ruwa, don haka dashen da aka sauko da shi daga can, ko duk wanda aka rena a ƙarƙashin raga, a ajiye shi inda zai samu ranar safe kawai na tsawon mako guda kafin a kai shi gindin katanga. A cikin aboboya kuma a rufe shi da buhu, iskar tafiya tana busar da toho fiye da rana.

Da layin ya kama, ba sai an koma bakin titi ba. Reshen kufiya mai santimita 8, na iksora mai santimita 10 zuwa 12 wanda ya fara tauri, a cire ganyen ƙasa, a soka a ledar fiya wata da aka huda aka cika da yashi da ƙasa rabi da rabi, a ajiye a inuwa a lulluɓe da farar leda. Kufiya mako uku, iksora mako shida zuwa takwas. Na mai ƙaya a sa safar hannu wajen yanka, a bar shi kwana biyu ko uku bakin ya bushe kafin a soka shi a yashi, kuma kada a lulluɓe shi.